Wata Takwas Tsakanina da Auta

Duk macen da ta shigo shagona karon farko, kafin in gama tsefe mata kai sai ta ɗago ta kalli hoton da ke jikin bango, ta kalle ni, ta sake kallon hoton. Na san abin da ke tafe. "Don Allah, wai da gaske ke ce yayar Malama Ƙarama? Uwa ɗaya uba ɗaya?" Sai in danna mata kai ƙasa in ce, "A'a, a kasuwa na sayo ta. Sunkuya, baiwar Allah, kada layi ya karkace." Ban ga laifinsu ba. Ita doguwa ce mai wushirya, ni kuwa ga gajarta ga faɗi ga baki. Amma ni na goye ta, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa ce mata Malama. Auta muke ce mata.

Yau kowa yana da rabo a Malama Ƙarama, daga mai gadi har direban tasi. Ni kuwa Autata nake nema, wadda take kira na da safe ta cika min kunne da ƙorafi. Ba sace min ita aka yi ba, ba kuma ɗaukaka ce ta juya mata kai ba kamar yadda 'yan tsegumi ke faɗa. Ni na ture ta da bakina, ran wata Litinin, hannuna dumu-dumu da man kitso. Bari dai in ɗauko daga tushe.

Shekara goma sha biyu na ba ta. Tana da shekara uku Babanmu ya rasu, Mama ta kama aikin shara a wani ofis, ta fita rana ba ta fito ba, ta dawo ƙafa a kumbure. To wa zai yi wa yarinya wanka? Wa zai bi ta da cokali tana zagaya tsakar gida? Ni ce dai. Ɗaki ɗaya muke haya, katifa ɗaya, kuma Auta ba ta barci sai ta ɗora min ƙafa a ciki.

Tun bakinta bai gama buɗewa ba ta iya kwaikwayon mutane. Ta cusa tawul a riga ta yi tafiyar mai gidan hayarmu, tana tari tana kaɗa makullai. Ta yi muryar maƙwabciyarmu in tana faɗa da mijinta, ta juya ta yi ta mijin. Mama ta dawo a gajiye ta ce, "Ke Auta, za ki ja mana kora," amma dariya ta hana ta ƙarasa faɗan. Makaranta kuwa, wayyo Allah! Kullum sai an yi dambe. Da jan kunne da rarrashi da alawa na samu ta gama sakandare, ranar da ta rubuta jarrabawar ƙarshe ni na fi ta murna. Shi ya sa duk sa'ad da na gan ta a talabijin riƙe da alli tana cewa yara su yi shiru, sai in riƙe baki in ce ikon Allah, wai Auta ce malama.

Da na yi aure na buɗe wannan shagon, Mama ta dawo gidana da zama saboda ciwon gwiwa, Auta kuma ta zama 'yar shago. Tana miƙo min zare, tana wanke mataji. Kitso dai bai karɓe ta ba, in ta tsaga layi sai ki rantse da ido rufe ta yi. Aikinta na gaskiya yana farawa ne da zarar kwastoma ta sa ƙafa waje. Nan take za ta zama matar, da tafiyarta da yatsinarta da yadda take cewa an ja mata gashi.

Wata rana wata mata mai aiki a ƙaramin gidan talabijin na garinmu ta zo kitso. Awa biyu tana zaune waya a kunne tana zazzaga wa mutanenta masifa: "A yanke! A sake! Wa ya ce ku taɓa min fitila?" Da aka gama ta fita a gaggauce ta manta tabarau. Auta ta ɗauka ta maƙala a hanci, ta kara mataji a kunne, ta juya wa ƙofa baya ta fara. Ina cikin dariya na hango matar ta dawo tana tsaye a bakin ƙofa. Na yi tari, na yi gyaran murya, na jefi Auta da zare, ina! Sai da ta kai aya. Da ta juyo suka yi ido huɗu, na ce shi ke nan, yau shago ya yi asarar kwastoma. Matar ta naɗe hannu a ƙirji ta ce, "Sake yi. Daga wurin fitilar."

Ashe suna neman 'yan wasa, ta ce Auta ta zo gwaji. Ranar gwajin ni na raka ta. Wani dogon baranda ne da kujerun roba, 'yan mata sun fi arba'in, kowa ta sha kwalliya kamar ba gobe. Auta kuwa takalmina ne a ƙafarta, mun cusa takarda a gaba don kada ya fice. Shirin da za a yi na wata makarantar firamare ne, da malamanta da rigingimunsu. Abin da aka ba ta bai fi magana biyu ba: sabuwar malama ce da ta yi ɓatan kai ta shiga ajin da ba nata ba. Amma yadda ta tsaya tana rarraba ido, ta ja da baya ta yi karo da kwandon shara, ta ba kwandon haƙuri, shi ke nan gari ya ɗauka. Kafin wata uku shirin ya koma kanta, aka manta ma da sunan da marubuci ya ba ta, kowa sai Malama Ƙarama.

A nan ne zan yi bayanin abin da ya rufe min ido. A lokacin, gidan talabijin ɗin nan ba su da ajiya. Su ɗauka ran Litinin da Talata, su nuna ran Lahadi ƙarfe biyar na yamma. Kitson da na yi mata farkon mako shi nake hangowa a gaban ɗankwalinta ƙarshen mako. In mura ta kama ta ran Talata, ran Lahadi gari duka zai ji hancinta a toshe. Mama takan matso da kujera har gaban akwatin ta ce, "Yarinyar nan ba ta yi barcin kirki ba ranar." Kuma haka ne. Shekara biyu muna haka, har muka saba da cewa abin da akwatin ya nuna shi ne halin da Auta ke ciki.

Daga baya wani babban kamfani ya karɓi shirin, aka kwashe su zuwa babban birni, tafiyar yini guda a mota. Shekararta ashirin da biyu. A tashar mota ta ƙanƙame ni tana kuka, ni kuma ina ta faɗa, "Sake ni, kina ɓata min riga, mutane na kallon ki." Sai da motar ta sha kwana na zauna a kan wani benci na yi nawa kukan har mai sayar da ruwa ya ba ni haƙuri.

Shekarar farko ta zo gida sau biyu, ta biyu sau ɗaya. Kuma ko ta zo ba ma samun ta, gida ya cika da maƙwabta da 'yan'uwan da ba mu taɓa gani ba, kowa da wayarsa a sama. Ba zan yi ƙarya ba, rabinsu ni nake gayyatowa. Daɗi nake ji. Shagona ya tashi daga shagon kitso ya koma shagon yayar Malama Ƙarama, har daga wasu unguwanni ake zuwa, ni kuma kaina ya yi girma.

Amma akwai abin da yake nawa ni kaɗai, wato wayar safe. Wayata irin ƙaramar nan ce mai madannai, ba ta hoto ba ta komai, murya kawai. Ƙarfe bakwai za ta yi ƙara, ko sallama Auta ba ta gamawa za ta fara: takalmin da aka ba ta ya matse ta, darakta ya cika ihu, mai abinci ba ta san gishiri ba, sauro ɗaya ya hana ta sakat. Duniya ta san ta da dariya, ni kaɗai na san ta da mita. Ina jin ta ina share shago ina cewa, "Ke dai Allah ya shirye ki, sarauniyar ƙorafi." Ashe abincin raina ke nan ban sani ba.

Ranar Litinin ɗin da nake faɗa, ruwan farko na shekarar ne ya sauka. Rufin shago yana yoyo na tara bokiti, mata uku suna jiran layi, matar kafinta maƙwabciyata tana zaune a gabana na kai rabin kanta. Hirar da ake yi duk ta shirin jiya ce. An nuna ranar raba kyaututtuka a makaranta, Malama Ƙarama ta shiga cikin yara tana tsalle, kumatu cike, fata sai sheƙi. Waya ta yi ƙara wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ba lokacinta ba. Na maƙale ta a kafaɗa, hannuna bai bar kan matar kafinta ba.

"Yaya, ke kaɗai ce?"

"Ni da wa kike so in kasance? Aiki nake. Faɗi."

Muryarta ta yi ƙasa sosai, har sai da na danna wayar da kunne saboda ƙarar ruwa a kwano.

"Yaya, na gaji. Ina so in dawo gida."

"Hutu aka ba ku?"

"A'a. In dawo gaba ɗaya. In zauna a shago kamar da. Ba na iya cin abinci, Yaya. Ba na barci."

Na kalli hotonta a bango, na kalli matan da suka kasa kunne. Na ce, "Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Jiya-jiyan nan na gan ki da idona, kumatu kamar su fashe, kina tsalle da yara. Wane rashin cin abinci? Daɗi ne ya yi miki yawa."

"Yaya, wancan ai..."

"Kada ki ce min komai. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. 'Yan mata nawa ne suke kwana suna roƙon Allah ya kai su inda kike? Ki dawo shago ki yi me, ki wanke mataji? Tashi ki wanke fuska ki tafi aikinki, kada ki yi wa ni'ima butulci."

Ina jin numfashinta. Can ta ce, "To, Yaya," ta kashe.

Matar kafinta ta ce, "Kin yi daidai wallahi. Yaran yanzu in ba a taka musu burki ba sai su zubar da arzikinsu." Na ji daɗin maganar, na ci gaba da kitsona, har ina ganin na yi aikin babba.

Daga ranar wayar safe ta mutu. Ta koma kira sau ɗaya a mako, kuma da ladabi. "Ina kwana, Yaya. Lafiya lau. Ya jikin Mama? Ya yara? Ya kasuwa?" Ba takalmi, ba darakta, ba sauro. Na ce a raina yarinya ta girma, faɗana ya yi amfani. Akwai ma wani lokaci da aka yi mako uku ba ta kira ba, sai saƙo a rubuce wai suna wurin da ba sabis. Aike kuwa bai yanke ba: maganin gwiwa na Mama, takalman makaranta na yarana, sabon madubi na shago. Ran Lahadi kuma mu buɗe akwati mu gan ta ɓul-ɓul tana dariya. Me zai sa in yi zargin wani abu?

Sai wata Lahadi, ana tsakiyar hunturu, ni da Mama muna zaune a falo. Malama Ƙarama ta ɗaga hannu za ta yi rubutu a allo, agogonta ya zame ya gangaro har kusa da gwiwar hannu. Ta juyo. Ƙasusuwan wuya sun fito, ido ya faɗa, hodar da aka shafa mata ta kasa rufe komai. Tana dai dariyar nan tata, tana ba yara dariya. Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Mama. Ta ce, "Innalillahi! Me ya sami 'yata?"

Nan take na kira ta. Ta ɗauka baki cike da abinci.

"Auta, me ya same ki? Kina ina? Ga ki nan muna kallo, kin zama ƙashi da rai!"

Ta yi 'yar dariya. "Yaya, kwantar da hankalinki. Wannan tsohon aiki ne. Nan ba kamar gida ba ne, a jere muke ɗaukar na kusan shekara, a ajiye, sannan a riƙa nunawa ɗaya-ɗaya. Wanda kuke gani yau ya yi wata takwas. Na warke tuni."

"Kin warke daga me?"

"Ɗan ciwon ciki ne. Ya wuce. Ki gaida Mama, ana kira na."

Na zauna da waya a hannu ina lanƙwasa yatsu, ina komawa baya wata-wata. Da na kai na takwas sai ga ni a shago, bokiti yana cika da ruwan farko, matar kafinta a gabana. Ashe wannan ƙashi da ran da ke cikin akwati, ita ce ta kira ni ta ce ta gaji. Mai kumatun da na kafa hujja da ita kuwa, tun wata takwas kafin ranar aka ɗauke ta. Ta buɗe baki za ta gaya min, na toshe mata.

Makonnin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Kowace Lahadi sai ta ƙara ramewa a gabanmu, ni kuma ba abin da zan iya, don abin ya riga ya faru. A shago mata suna cewa, "Kai, ta rage jiki, ta yi kyau abinta." Saura kaɗan in tsige wa wata gashi. Sannan aka yi Lahadi uku babu ita a shirin, wai an tura Malama Ƙarama kwas. Na tuna mako ukun nan na rashin sabis, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Mama ta ce, "Ki je ki gano min ita da idonki." Baban yara ya ce zai kula da gida. Tun da na buɗe shagon ban taɓa rufe shi ranar aiki ba, ranar na sa masa kwaɗo.

Wurin aikinsu wani tsohon sito ne a bayan gari. Mai gadi ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, yau ke ce yayarta ta uku." Na tuɓe mayafi zan nuna masa irin yayar da nake, sai ga wata dattijuwa siririya ta fito, tef ɗin awo a wuya, allurai a soke a gaban riga. Ta tsura min ido ta ce, "Ke ce mai kitso. Goshinku ɗaya. Bar ta ta shigo." Ita ce mai kula da kayan da 'yan wasa ke sawa, kowa a wurin Anti Tela yake ce mata.

Ta ce Auta na wurin kwalliya, in jira a ɗakinta. Ɗaki ne ƙarami cike da riguna a rataye, kowace da takarda a maƙale an rubuta lamba. Ta zaro wata shuɗiya ta juya cikinta ta nuna min. Layin ɗinki huɗu ne a jere a kowane gefe, kowane ya fi na baya shigewa ciki.

Ta ce, "Dokar aikinmu ce, rigar da aka fara fitowa da ita, da ita za a ƙarasa, ko bayan wata biyu ne. Sau huɗu ina rage wannan. A na huɗu na ce wa darakta ni tela ce, ba likita ba, yarinyar nan asibiti take buƙata. Bai ji ba, sai da ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo. Gyambon ciki ne, da damuwa. Aiki ba hutu, ga bakin mutane, ga kaɗaici. Mako uku muka yi."

"Muka yi?"

"Ni na yi jinyarta."

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya kira ni? Ina da rai, ina da ƙafa."

Ta mayar da rigar ta rataye, ta gyara takardar. "Na ce a kira ki. Ta ce kina da aiki."

Ba da gori ta faɗa ba, ko kallona ba ta yi ba. Wallahi da mari ta ɗauke ni da shi da ya fi min sauƙi.

Sai ga Auta ta shigo da gudu. "Yaya! Oyoyo! Shi ne ba ki gaya min ba?" Ta rungume ni, ta yi kyau, jiki ya dawo, sai ƙamshi. Ta ja ni tana nuna wa kowa, "Ga yayata, ita ta goye ni." Aka kawo lemo mai sanyi, aka yi hotuna. Da ƙyar na ja ta bayan wata ƙofa.

"Auta, kan maganar nan na zo."

"Wace magana, Yaya?"

"Ranar da kika ce kin gaji. Ban sani ba, Auta. Na ɗauka abin da na gani ran Lahadi na makon ne. Ki yafe ni. In kina so, yau ma sai mu tafi."

Ta riƙe hannuna ta yi murmushi, irin na hoton da ke bangon shagona. "Haba Yaya, har yanzu kina tune? Shirmen yarinta ne. Ai gaskiya kika gaya min. Me kika yi min da zan yafe?" Kafin in sami abin cewa aka ƙwala mata kira.

Ajin da muke gani a gida ashe bango uku ne na katako, ba rufi, sama duk fitilu masu zafi, ƙasa duk wayoyi. Aka ajiye min kujerar roba can baya, gefen hagu, kusa da wata babbar fanka. Daga nan Auta 'yar mitsitsiya nake hango ta. Wurin da ake ɗauka, shugabar makaranta ce take yi wa Malama Ƙarama faɗan makara. Sau goma sha ɗaya ana maimaitawa, darakta na ihu.

Da aka ba su hutu ta taho tana ɗingishi, ta nufo inda nake. Na gyara zama. Ta wuce ni da taku biyu ta faɗa jikin Anti Tela da ke tsaye a bayana.

"Anti, takalmin nan zai kashe ni, kuma yunwa nake ji, kuma mutumin nan ya cika ihu, ni kaina ma ciwo yake."

Muryar ce. Muryar ƙarfe bakwai na safe, da jan ƙarshen magana da komai. Anti Tela ta durƙusa tana cire mata takalmin tana cewa, "To, na ji, zauna." Auta ta juyo ta gan ni, ta miƙe zaune. "Yaya, zafi bai dame ki ba? A juyo miki da fankar?" Na ce a'a, na gode. Kishi ya kama ni, kishin matar da ba ta yi min komai ba sai alheri. Washegari na hau mota na dawo.

Na ce wa Mama na same ta lafiya, har ta yi ƙiba. Mama ta kalli akwati, inda Malama Ƙarama ta dawo daga kwas riga na yawo a jikinta, ta ce, "To, Allah ya sa." Haka muka ci gaba, muna kallon ta tana murmurewa a hankali, kiran mako-mako yana zuwa da ladabinsa. Na yi ta jan ta da hira. In ce, "Ya darakta, yana nan da ihunsa?" Ta ce, "Ai mutumin kirki ne, Yaya." In ce, "Kina cin abinci?" Ta ce, "Sosai ma." Duk ƙofar da na taɓa a rufe take, kuma da fara'a aka rufe ta.

Ranar Lahadin makon jiya, ana fara shirin na gane wurin. Shugabar makaranta ta tare Malama Ƙarama a ƙofar aji tana nuna mata agogo. Na ce, "Mama, ga ranar da na je! Ina nan zaune ta wannan gefen, ba a dai gani na." Sai kyamara ta matso fuskarta har ta cika akwatin, kusancin da ban samu ba ranar daga kujerata. Shugaba na ta faɗa, ita ya kamata ta sunkuyar da kai. Sai ta ɗago ido ta tsallake kafaɗar shugaba, ta kalli can baya ta gefen fanka. Ta ja leɓen ƙasa ta cije shi ta gefe ɗaya, haɓarta ta yi rawa. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Daga nan ta juyo ta saki maganar ban dariyar da aka rubuta mata.

Mama ta ce, "Wa take kallo haka?"

Na nuna ƙirjina.

Mama ta ce, "Haka take yi tun tana rarrafe, in tana so a ɗauke ta."

Ina zaune a wurin ranar, taku ashirin tsakaninmu, da lemo a hannuna. Na sake makara da wata takwas.

Ban jira shirin ya ƙare ba na kira. Anti Tela ce ta ɗauka, ta ce Auta na gaban kyamara, wayoyinsu duk suna hannunta. Ta ce, "Akwai saƙo?"

Na ce, "Ki ce mata na gani. Ranar makara, da ta kalli wajen fanka. Ki ce mata yanzu na gani. Ki ce mata ko takalmi ne ya matse ta, ta kira ni ta gaya min, ba ni da wani aiki."

Anti Tela ta ce, "Zan gaya mata yadda kika faɗa. Ke dai kada ki kashe wayarki."

Yau kwana tara ke nan. Na ƙure wa wayar ƙara, tana cikin aljihun rigata ina kitso, ko wanka zan shiga sai na ƙulle ta a leda na shiga da ita. Ƙarfe bakwai na safe kuwa ba na fara shara, don kada ƙarar tsintsiya ta hana ni ji.